Shirun Mai Unguwa Bayan La'asar

Da wannan daminar Baffa Idi ya cika shekara bakwai da rasuwa. A gidanmu ba da kalanda muke tuna shi ba, da masara muke tuna shi. In masarar bayan gida ta yi goyo, ƙanshin gashinta ya fara tashi daga tsakar gida, sai ka ga hira ta ɗan tsaya, wani ya ce Allah ya jiƙan Mai Unguwa, sauran su ce amin. Na daɗe ina so in yi rubutu a kansa, ina fasawa, don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ni ba likita ba ne, labarin ƙasa na karanta a jami'a. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na gani da idona da abin da aka gaya mana a gabana. Inda na kuskure, masana su gyara mini.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma shi ne mai unguwar ƙauyenmu a yankin Turawa, cikin Karaye. Manomin gero da gyaɗa ne kamar kowa, sai dai kullum bayan sallar la'asar yakan zauna a zaure, duk mai ƙara ko mai neman shawara ya same shi a nan. Yana da murya, irin wadda in ya yi gyaranta a ƙofar gida ake ji a bakin rijiya. Ni kuwa tun ina makaranta ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, wai bai taɓa tambayata abu na ce masa i ko a'a kai tsaye ba. Ban musa ba. Har yau ban rabu da halin ba.

Muryar ce ta fara dishewa. Muka ce mura ce, muka ce sanyin damina ne, har wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Daga asibitin kusa aka tura mu Kano, daga Kano aka ce cutar daji ce a maƙogwaro, kuma maganinta gashi ne da na'ura, a wani babban asibiti mai nisa da gida. Ni aka zaɓa in bi shi, tun da ni ne mai Turanci a gidan. Na tafi da fargaba iri biyu: ta ciwon, da ta kada likita ya faɗi magana in juya ta ba daidai ba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, kafin a ce komai game da ranar fara gashi, sai aka ce mu fara ganin likitan haƙori. Ni kaina na ɗauka an yi kuskuren ɗaki ne. Baffa ya dube ni ya ce, "Malam Wataƙila, ka tabbata ka gaya musu inda ke mini ciwo? Na zo da maƙogwaro, ga shi ana nemana da haƙori."

Likitar mace ce, kuma Allah ya taimake ni tana jin Hausa sosai, don haka ba ta bakina bayanin ya bi ba. Ta ce, "Baba, zafin na'urar nan ba ya tantance mai laifi da marar laifi. Zai ƙone ciwon, amma a kan hanyarsa zai taɓa wuraren da ke kawo yawu. Bakinka zai bushe, mai yiwuwa na dogon lokaci, mai yiwuwa har iyakar rayuwa." Ta ce yawu shi ne mai wanke haƙori dare da rana ba tare da mutum ya sani ba. In ya ƙafe, ɗan zaƙin da bai isa ya yi wa wani komai ba sai ya zauna a gindin haƙori ya cinye shi cikin ɗan lokaci. Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni tun daga ranar: ƙashin muƙamuƙin da gashi ya ratsa ba ya warkewa kamar da. Haƙorin da ya ruɓe bayan gashi, in aka cire shi, ramin na iya ƙin rufewa, ƙashin ya yi gyambo. Saboda haka duk wanda ya riga ya lalace yanzu za a cire, a jira wurin ya warke. Waɗanda suka rage kuwa, ta ce, dole a tsare su kamar ba za a sami wasu ba, domin ba za a samu ba.

Na san garinmu. In haƙori ya dami mutum, wanzami ake kira, ko a je wurin mai kemis ya fizge shi. Na hango ranar da za a yi wa Baffa haka da kyakkyawar niyya.

Aka cire masa 'yan haƙoran ciki da suka yi kogo. Aka auna bakinsa da wani abu mai kama da ƙullu, aka zubo masa robobi biyu daidai da haƙoransa, ta sama da ta ƙasa. Kullum zai goge baki da buroshi mai laushi, ya zuba wani mai mai sinadarin fulorayid, mai ƙarfafa haƙori, a cikin robobin, ya kifa su a kan haƙora na 'yan mintoci, ya tofar, sannan ya ɗan jima bai ci bai sha ba. Kullum, ba fashi. Ta ce ya zaɓi lokacin da ya san ba ya kuskurewa. Ta ce asuwakinsa ba ta hana shi ba in dasashi ya warke, amma ba zai maye gurbin wannan ba. Abin zaƙi kuma, in zai ci, ya ci tare da abinci, ya kurkure ya goge. Abin da ta hana ƙwarai shi ne ajiye zaƙi a baki ana tsotsa yini guda don jiƙa maƙoshi. In baki ya bushe, ruwa zalla.

Baffa ya saurara har ta gama. Tambaya ɗaya ya yi: "'Yata, in na bi duk wannan, zan sake gaigayar masara da haƙorina?" Ta yi murmushi ta ce ba za ta yi masa alkawari ba, amma tana ganin zai yiwu. A hanya ya ce mini, "Ka ji, ita ma danginku ce, 'yan wataƙila."

Ba zan tsawaita kan makonnin gashin ba. Ya sha wuya, bakinsa ya yi gyambo, ɗanɗano ya ɗauke masa, ya rame. Amma aka gama, likitoci suka ce ciwon ya ja da baya, muka dawo gida. Na zaci babban yaƙin ya ƙare. Ashe wanda ya fi buƙatar haƙuri a zaurenmu yake jiran mu.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san dubiya. Ba a zuwa hannu sake, kuma ba a mayar da hannun wanda ya kawo. Mutane suka ji cewa bakin Mai Unguwa ya bushe, harshensa na mannewa a ganɗa in yana magana, gorar ruwa ba ta barin gefensa. To me ake kai wa mai busasshen baki? Alewa. Rake daga fadamun Rogo, an fere an yanka gunduwa-gunduwa. Mazarƙwaila. Lemon kwalba. Dabino. Kowa ya miƙa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan jefa a baki ka ji sanyi." Kuma gaskiyar magana in ya jefa yana jin sauƙi, wannan shi ne sharrin abin. Baffa mutum ne da bai iya kunyata baƙo ba. Yakan karɓa, ya sa albarka, ya jefa ɗaya a baki don mai kawowa ya gani. Kafin wannan ta narke wani ya yi sallama.

Robobin kuwa a ɗaka yake sa su, a ɓoye, don a ganinsa bai dace dattijo ya buɗe baki yana cusa roba a gaban jama'a ba. Baƙi kuma ba sa yankewa daga safe har yamma. Wata rana ya yi, wata rana gajiya ta kwantar da shi bai yi ba. Ina ta yi masa tuni a hankali, ina kewaye-kewaye, don ban san yadda ɗa zai tsawatar wa uba ba. Da muka koma wurin likitar don dubawa, ta haska fitila ta nuna mini wani farin tabo kamar alli a gindin haƙori ɗaya na ƙasa. Ta ce wannan shi ne sallamar ruɓewa. Yanzu ana iya tsayar da shi, amma in aka ci gaba a haka, ba a kan haƙori ɗaya zai tsaya ba. Ba ta yi faɗa ba.

A cikin makon nan Malam Sale ya zo daga Beli. Taubashin Baffa ne, ɗan gwaggonsa, mai kiwon zuma, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Amma ranar bai zo da wasa ba. Ya sauka daga babur da tulun zuma a rungume, bayan la'asar, zaure cike, har liman yana nan. Da ya ga yadda Baffa ya rame sai idonsa ya kawo ruwa. Ya dire tulun ya ce, "Idi, wannan daga amyar da na fi ji da ita na ɗebo, ban sayar wa kowa ba. Kada ka haɗiye ta da sauri. Ka riƙa lasa kana barin ta a baki daga safe har dare, bushewar nan za ta gudu. Zuma waraka ce, Malam ga shi nan, ya faɗa in ƙarya nake." Liman ya gyaɗa kai.

Na san darajar zuma a addini da al'ada, ban kuma yi jayayya da ita ba. Na ma taɓa jin ana cewa tana sauƙaƙa gyambon baki lokacin gashi, ko da yake ban da tabbas. Amma yadda Malam Sale ya ce a yi da ita shi ne daidai abin da aka hana. In Baffa ya ƙi, ya kunyata ɗan'uwansa a gaban liman da jama'a. In ya karɓa yadda aka ce, tulun nan zai ɗauki watanni, kuma na ga farin tabon da idona. Na buɗe baki zan ce wataƙila, sai Baffa ya ɗaga mini hannu.

Ya aika cikin gida aka kawo kunu a kwano. Ya sa ludayi ya ɗebi zumar ya zuba, ya motsa, ya yi bisimilla ya sha a gaban kowa, abin da ban taɓa ganin ya yi a zaure ba. Ya ce, "Sale, Allah ya yi albarka. Zumarka ta shiga ciki, inda ake buƙatarta. Kullum da ita zan sha kunu har ta ƙare." Daga nan ya ce mini, "Shiga ɗakina ka ɗauko mini kayan nan."

Na kawo. Ya fita bakin zaure da buta, ya goge bakinsa da buroshi jama'a na kallo. Ya dawo ya zauna a kan buzunsa, ya ɗaga robobin sama ya ce, "Jama'a, ku duba. Wutar da ta kashe mini ciwo ta ƙafar mini da yawu. Duk zaƙin da ya kwana a bakina haƙori yake ci, kuma haƙorina in ya ruɓe ba ya ciruwa, sai ya tafi da muƙamuƙi. Na san ƙauna ce ke sa ku kawo. Wanda ke son in daɗe ina yi muku shari'a, ya kawo mini addu'a, in ya matsa ya kawo ƙwai. Yanzu kuma zan yi shiru, kowa ya yi haƙuri." Ya zuba man, ya kifa robobin, ya naɗe hannu.

Zauren ya yi tsit. Ba wanda ya san inda zai sa idonsa. Can sai Malam Sale ya share hawayensa ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara nawa ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za a toshe bakin Idi, ashe da roba za a yi." Dariya ta ɓarke, har liman. Baffa ya zare wa Malam Sale ido, ya nuna shi da yatsa, ba halin ramawa. Da ya cire ya tofar, abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗan mace, ka ci bashi." Ban taɓa jin alfahari da wani mutum kamar yadda na ji a wannan yammacin ba.

Tun daga ranar lokacin sa roba ya koma farkon zaman zaure. Ya ce abu biyu ne ba ya fashinsu, salla da zaure, kuma ba a salla da roba a baki. Mutane suka sa wa abin suna shirun Mai Unguwa. Sai kuma ya zo da wani amfani da likita ba ta ambata ba. Na taɓa ganin manoma biyu sun shigo suna huci a kan iyakar gona, kowa na so ya riga faɗa. Baffa ya nuna musu tabarma, ya kifa robobinsa. Dole suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon ƙasa. Kafin ya cire, ɗaya ya tambayi ɗayan ya jikin tsohuwarsa. Ba na cewa shirun ne ya raba rigimar, amma dai da aka fara magana muryoyin sun sauko. Daga baya har zarginsa ake yi cewa in ƙarar mai zafi ce yakan ƙara wa shirun tsawo. Na tambaye shi, ya ce, "Wataƙila."

Sau da yawa ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu ko a ƙaramin shago na ƙauye akwai firji cike da lemo kala-kala, ledar dubiya kuma ba ta cika ba sai da su. Waya ta shiga hannun kowa, kuma a cikinta akwai masu tallan magani da ke rantsuwa za su warkar da daji ba tare da an je asibiti ba. Ina jin da ya yi musu gyaran murya ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma, ina ganin da ya yi murna da yadda mutane suka rage ɓoye wannan ciwo. A zamaninsa sunan cutar ma ba a son kamawa. Abin da har yanzu ke damuna shi ne, iya waɗanda na zanta da su, da yawa daga masu zuwa gashin kai ko wuya ba su san akwai ruwan haƙori a ciki ba sai bayan ɓarna ta auku. Ban san ko haka yake ko'ina ba. Man nan ma ba a kowane kanti ake samunsa ba, ni daga Kano nake kawo masa. Shawarata ga duk iyalin da aka ce wa gashi, su tambaya da bakinsu a haɗa su da likitan haƙori tun kafin a fara, kuma kada su bari kowa ya taɓa haƙorin majinyacin daga baya sai da sanin likitocinsa.

Farin tabon nan bai zama kogo ba. Muka ci gaba da zuwa dubawa lokaci-lokaci, doguwar tafiya don a leƙa baki na ɗan lokaci, Baffa na mita a mota, amma bai taɓa cewa ba za shi ba. Yawun bai dawo yadda yake ba. Tuwo sai da miya mai yawa, muryar kuma ta zauna a dishe, har ya zama sai an yi shiru ake jin sa, kuma ana yi. A daminar farko bai iya masara ba, ya juya ta a hannu ya ajiye. A ta biyu Inna, matarsa, ta zaɓo masa ɗanya shar ta gasa sama-sama. Ya zauna da gorar ruwa a gefe, ya gaigaya, ya kurɓa, ya gaigaya, ya kurɓa, har ya kai ƙarshe. Ya miƙo mini totuwar ya ce in an koma asibiti in gaya wa 'yar wataƙilar nan cewa ya yiwu.

Ya yi shekaru bayan haka yana zaman zaurensa. Ba dajin ne ya ɗauke shi ba, iya abin da likitoci suka ce mana, zuciya ce, cikin damina, bayan gajeriyar jinya. Ya koma ga Ubangijinsa da duk haƙoran da ya fito da su daga ɗakin likitar nan, ba a ƙara cire ko ɗaya ba. Na san wani zai ce wannan ƙaramin abu ne a ambata game da mamaci. Mai yiwuwa. Amma ni da na ga haƙurin da ya yi kafin a kai ga haka, kullum, shekara da shekaru, a gaban mutanen da yake jin kunya, ba na ganin ƙanƙantarsa.

Bai bar dukiya mai yawa ba, kuma zauren yanzu wani ne ke zama a cikinsa. Abin da na tabbatar ya bari na gan shi bara. Wata baiwar Allah daga wajen Yammedi, surukar wani ɗan'uwanmu, ta dawo daga gashin wuya, muka shirya zuwa dubiya. Malam Sale yana gidanmu a lokacin, ya tsufa ƙwarai, bakinsa ba ko haƙori ɗaya. Ya ga an cika leda da alewa da lemo, sai ya sa sandarsa ya tare ƙofa. Ya ce, "Ina za ku da wannan? A mayar. A nemo ƙwai, a tambaye ta ko an ba ta roba." Wani ya ce, "Baba Sale, kai da ke sayar da zuma?" Ya ce, "Ni na kai wa Idi tulu guda. Ya shanye zumata tas, ya tafi kabari da haƙoransa, ni da ba a gasa ni ba ga ni nan ina tsotsar tuwo. Ku yi abin da ya ce."

Aka juye ledar. Allah ya jiƙan Baffa Idi, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Masarar bana ta nuna, jiya aka gasa ta fari.